Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Radda: A Koya Wa Masu Gadinmu Sintiri

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
Malam Dikko Umaru Radda,
Gidan Gwamnati, Katsina.



Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne daga Funtua a kan wani bawan Allah da ba a cika tunawa da shi ba idan manya suka zauna maganar tsaro. Ana ambaton soja da ɗan sanda, ana ambaton jami'an tsaron al'umma da gwamnatinka ta kafa, har 'yan banga ma sukan samu shiga. Amma mai gadi, wanda yake kwana a bakin siton masara ko gidan kaji ko gidan mai ko makarantar kuɗi ko injin casar shinkafa, shi babu shi a lissafi. Alhali daga Funtua zuwa Malumfashi, ko ta Bakori ka bi ko ta Kafur ka ɓullo, da wuya ka wuce wata dukiya mai kauri cikin dare ba ka tarar da shi a gindinta ba.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa sayen hatsi da ajiyarsa, saboda haka na daɗe ina hulɗa da masu gadi. Abin da nake so in roƙe ka ba mai tsada ba ne. A koya musu yadda ake sintiri, a san su, a kuma haɗa su da waɗanda za su iya kai musu ɗauki.

Ka fi ni sanin abin da kudancin jihar nan yake ɗauke da shi. Masara da dawa da waken suya da shinkafa daga nan suke fita tirela-tirela, kasuwar Dandume kaɗai ta isa shaida. Danja ga tumatir da rake. Funtua kuwa garin auduga ce tun zamanin da layin dogo ya ratsa ta daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, ga masaƙa, ga gidajen gurzar auduga, ga kuma tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a 2024. Duk wannan arziki sai ya kwana a wani wuri kafin ya tashi. Yana kwana a sito, a rumbu, a farfajiyar kamfani, a bayan mota. Haka takin zamani da maganin feshi, da injin ban-ruwa, da farantan sola na rijiyar burtsatse, da wayar taransifoma. Gwamnati ba za ta iya ajiye ɗan sanda a kan kowannensu ba, babu kuma mai hankalin da zai nemi haka. Mai gadi ne ya toshe wannan gurbi.

To wane ne shi? Galibi dattijo ne da ƙarfin noma ya fara barinsa, ko kuwa magidanci ne da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa a ƙasar Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, ya shigo gari yana neman abin da zai ciyar da iyali. Ranar da aka ɗauke shi aiki, an miƙa masa tocila da gora, an nuna masa benci a bakin ƙofa, an ce: "Baba, ga wuri nan, Allah ya tsare." Iyakar horonsa ke nan. Ba raina shi nake yi ba. Yawancinsu mutane ne masu amana da juriya, waɗanda suke raba dare a waje cikin sauro da ruwa da sanyi saboda dukiyar da ba tasu ba. Laifin namu ne, mu masu ɗaukar su, da muka ɗauka gadi ba sana'a ba ce, zaman benci ne kawai.

Gadi kuwa sana'a ce, kuma sintiri ne ginshiƙinta. Ranka ya daɗe, ka ba ni dama in ɗan tsaya a nan, domin sai an ga abin da ake nufi da koyarwar kafin a ga amfaninta.

Ɓarawon sito ba ya zuwa da ka. Kafin ya taɓa kwaɗo ya yi kwanaki yana nazarin mai gadi. Ya san lokacin da yake cin tuwon dare, ya san sa'ad da yake tashi zagaye, ya san ta dama yake farawa ko ta hagu, ya san minti nawa yake ɗauka kafin ya dawo benci. Mai gadin da yake zagayawa ƙarfe goma sha biyu da ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu kullum, ta hanya ɗaya, ya riga ya gaya wa ɓarawo lokutan da bayan gini yake a sake. Akwai ma tsohuwar al'adar nan ta buga ƙarfe duk awa, wadda masu gadin kamfanoni suka gada tun zamanin Turawa don maigida ya tabbatar ba a yi barci ba. Tana kwantar wa maigida hankali, amma tana sanar da mai laɓe a bayan katanga daidai inda mai gadi yake tsaye. Darasi na farko ke nan: kada zagayen yau ya yi kama da na jiya. Yau a fara ta gabas, gobe ta yamma. Wani lokaci a yi rabin hanya a juyo da baya. Wani lokaci a gama zagaye, a zauna kaɗan, a sake tashi nan take, domin da yawa daga ɓarayi sukan jira a wuce ne su tsallako, sun tabbata ba za a dawo ba sai bayan awa biyu.

Sai maganar haske, wadda a nan ne aka fi tafka kuskure. Mai gadinmu yana tafe tocila a kunne, yana wulga ta ko'ina. Shi yana ganin ɗan da'irar da ta haska ne kawai, wanda ke cikin duhu kuwa yana ganinsa tun daga nesa. Idon ɗan Adam yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma haske ɗaya mai ƙarfi ya isa ya rushe wannan sabo. Don haka mai kallon fuskar waya, ko mai zama gaban wutar jin ɗumi da hunturu, idan ya ɗaga kai ba ya ganin komai a bayan hasken. Wanda ya ƙware yana tafiya ne cikin inuwar bango, tocila a hannu amma a kashe, ba ya kunna ta sai zai duba wani abu takamaimai. Fitilun wurin ma a waje ya kamata su fuskanta, su haska mai zuwa, su bar mai gadi a duhu. Sau da yawa za ka ga an rataye ƙwan sola daidai bisa kan bencinsa, an mai da shi abin kallo.

Kunne ya fi ido aiki da dare. Sintiri ba sauri ba ne. A yi taku kaɗan, a tsaya, a saurara. Haushin karnukan ƙauyen da ke maƙwabtaka, hayaniyar zabi a lokacin da ba su saba ba, kwaɗi da suka yi tsit a fadama, ƙugin babura daga nesa da ya mutu gaba ɗaya kamar an haɗa baki, duk labari ne ga wanda aka nuna masa. Mutanenmu na karkara sun san waɗannan alamu tun suna yara. Abin da ya rage shi ne a gaya musu cewa wannan sanin shi ne jarin aikinsu, rediyon da ke manne a kunne kuwa yana toshe shi.

Kowane lokaci na shekara da irin sintirinsa a ƙasar nan tamu. Da damina, daga watan Agusta zuwa Oktoba, masara da dawa sun fi mutum tsayi, kuma gonaki a wurare da yawa sun zo har gindin katanga. Mutum zai iya isowa jikin bango ba wanda ya gan shi. Ruwan sama a kan rufin kwano kuma yana haɗiye ƙarar guduma, shi ya sa daren ruwa, wanda mai gadi ya fi so ya fake, shi ne daren da masu fasa bango suka fi so. Da kaka sito ya cika, baƙin leburori da direbobi da 'yan dako suna shige da fice, kowa yana ganin inda aka jibge kaya. Da hunturu sanyi yana tura mai gadi cikin bargo, busasshiyar ciyawa kuma tana jiran tartsatsi ɗaya, domin gobara ma abokiyar gaba ce da sintiri yake kamawa tun tana ƙarama. Ga kuma bambancin farin wata da duhun wata, wanda kowane ɗan ƙauye ya sani amma ba a taɓa cewa ya tsara zagayensa a kai ba.

Akwai zagayen da nake ganin ya fi duk sauran daraja, shi ne na kafin magariba. Mai gadi ya zo da sauran hasken rana, ya bi katanga ta ciki da ta waje. Ko an jingina wani icce ko an tara bulo a inda babu su jiya? Ko an fara ƙwaƙule siminti a bayan sito? Ko an yanke waya an mayar da ita yadda take? Ya kama kowane kwaɗo da hannu ya ja, kada ya wadatu da kallo, domin akan karya kwaɗo a rataye shi kamar yana kulle, akan kuma musanya shi da wani mai kama da shi. Idan aka share ciyawa taku biyar ko shida daga gindin katanga, aka baje rairayi, da safe sawu zai faɗi ko an zo leƙe cikin dare. Mafarauta da masu bin sawun shanu a ƙasar nan malamai ne a wannan fanni, ba sai an ɗauko wani daga nesa ba.

Mutum ɗaya kuma ba ya gadin babban wuri. Idan ya tafi baya, ƙofa ta zama a sake, idan ya tsaya a ƙofa, baya ta zama a sake. Biyu ne mafi ƙaranci: ɗaya yana tafiya, ɗaya yana zaune a inda ba a ganinsa, sun yi yarjejeniya a kan busar usur, wannan na nufin lafiya, wannan na nufin zo, wannan na nufin gudu ka sanar. Su kuma riƙe littafi, a rubuta lokacin karɓar aiki, da abin da aka tarar, da motar da ta shiga ko ta fita, da duk wani abin da ido bai gamsu da shi ba. Kada a ce ba su yi boko ba. Da yawansu almajirai ne, suna rubuta ajami tsaf, kuma ajami ya wadatar. Wannan littafi kariya ne ga mai gadin kansa, domin a yau da zarar an yi sata shi ake fara kamawa, ba shi da wata shaida sai rantsuwa.

Ranka ya daɗe, duk abin da na faɗa zuwa nan a kan ɓarawo ne. Ɗan bindiga wani abu ne dabam, kuma a nan ne nake so gwamnati ta yi magana da murya ɗaya, ƙarara. Mai gora ba ya tsayawa gaban mutum talatin a kan babura da manyan bindigogi. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma ni ban zo neman a sauya wannan ba, domin makaman da suka bazu a dazukanmu sun ishe mu masifa. Amma akwai masu dukiya da suke ganin wajibi ne mai gadi ya tsaya ya mutu a bakin ƙofarsu, idan ya tsira da ransa sai a ce da bakinsa a ciki. Wannan zalunci ne. Aikinsa a irin wannan dare shi ne ya riga kowa gani, ya riga kowa sanarwa, ya tashi mutanen gida, ya bi hanyar tsira da aka riga aka tsara tun da rana. Buhun masara ana noma wani, rai kuwa ba a mayar da shi.

Sanarwa da wuri tana aiki, mun gani a ƙasar nan. A watan Disamba na 2020, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, 'yan bindiga sun tare ɗaliban wata Islamiyya ta garin Mahuta a ƙaramar hukumar Dandume, su kimanin 80, suna dawowa daga Mauludi. Labari ya isa da wuri, 'yan sanda da 'yan banga da mutanen gari suka bi sawu, aka kuɓutar da yaran kafin a nutsa da su daji. Tazarar da ke tsakanin kuɓuta da watanni a hannun masu garkuwa sau da yawa ba ta wuce rabin awa ba, kuma wanda yake farke a lokacin shi ne yake riƙe da wannan rabin awar.

Sannan ga abin da ya faru a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi ranar 19 ga Agusta, 2025, inda aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba, aka kashe gomman bayin Allah. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Ba ina cewa wani mai gadi zai iya hana wannan ba. Na kawo shi ne saboda lokacin. A al'adar masu gadinmu, da an yi kiran assalatu dare ya ƙare, sai a naɗe tabarma a nufi masallaci, wuri ya zauna babu kowa har hantsi. Maharan sun san wannan sarai. Duk koyarwar da za a yi sai ta nanata cewa daga ƙarfe uku zuwa fitowar rana ne ake bukatar ido fiye da kowane lokaci, masu gadi biyu su yi salla ɗaya bayan ɗaya. Malamanmu za su iya taimakawa wajen fahimtar da mutane halaccin haka.

To idan ya gani, wa zai gaya wa? Nan ne gizo yake saƙar. Yawancinsu lambar maigida kawai suke da ita, maigida kuwa yana barci a cikin gari, wataƙila ma wayarsa a kashe. A watan Oktoba na 2023 ka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da matasa 1,466 a karon farko, 'ya'yan yankunan da abin ya shafa, waɗanda suka san kowace hanya da kowane lungu. Wannan aiki ne da muka yaba, kuma mun san wasunsu sun ba da rayukansu a kansa. Sai dai komai yawansu ba za su kasance ko'ina a lokaci guda ba. Masu gadi kuwa suna ko'ina, a bakin gari, a gidajen gona da ke kan hanyar Funtua zuwa Dandume, da ta Bakori zuwa Danja, da ta Malumfashi zuwa Ƙanƙara. Idan aka haɗa kowane rukuni na masu gadi da sansanin jami'an tsaro mafi kusa, rundunar ta samu idanu masu yawa ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya a takardar albashi ba. Kuma kada a dogara da wayar salula kaɗai. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Funtua da Malumfashi, aka yi watanni mutum ba ya iya kiran maƙwabcinsa. Ko yanzu akwai gonakin da sabis ba ya kaiwa. Oba-oba ɗaya a hannun shugaban masu gadin kowane yanki, wadda aka yi wa rajista aka san mai riƙe da ita, za ta yi maganin wannan.

Na san abin da jami'anka za su ce, kuma suna da gaskiya: ina tabbacin cewa mai gadin ba shi ne mai kai wa 'yan bindiga rahoto ba? Kai da kanka ka sha faɗa cewa masu tsegunta musu labari suna cikin manyan abin da ya hana matsalar nan ƙarewa. Amsar ita ce a san kowa. Hukumar Sibil Difens ce doka ta ɗora wa sa ido kan kamfanonin gadi, amma mai gadin da Alhaji ya ɗauka da baki a ƙofar sitonsa ba ya ƙarƙashin kowane kamfani, kuma irinsa ne suka fi yawa a nan. Masarauta tana da hanyar da ta fi kowace kaiwa ƙasa. Sarkin Maska a Funtua, Galadiman Katsina a Malumfashi, da sauran hakimai, ta hannun dagatai da masu unguwanni, za su iya rubuta sunan kowane mai gadi, da garinsu, da wanda ya tsaya masa, da wurin da yake aiki. Mutumin kirki ba zai ƙi wannan ba, zai ma yi murna, domin katin shaida zai raba shi da zargi.

Ita koyarwar, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta jiha za ta iya shirya ta da haɗin gwiwar Sibil Difens, waɗanda suke da kwalejin horarwa a nan Katsina. Kwana uku sun isa a fara. A yi ta da Hausa, a Funtua da Malumfashi, rabinta cikin dare a jikin katangar sito na gaske, ba a ɗakin taron otal ba. Tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya suna nan a garuruwanmu, za su koyar da kuɗi kaɗan. Shawarata kada a yi ta a gidan rediyo, domin ɓarawo ma yana da rediyo.

Mu masu dukiya kuma a ɗora mana namu kason, kada a ji nauyinmu. Mu biya kuɗin horon waɗanda suke mana aiki ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da na manoma da na masu gidajen mai. Mu sayi usur da rigar ruwa da takalmin da maciji ba ya hudawa. Mu share gindin katanga, mu daina shuka dawa a jikinta. Uwa uba, mu biya albashin da mutum zai rayu da shi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne tun 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka yawancin masu gadi suna karɓar abin da bai kai kusa da haka ba. Wanda albashinsa bai isa ba dole ya yi ƙwadago a gonar wani da rana, wanda ya wuni yana huɗa kuwa babu dabarar sintirin da za ta hana shi barci da dare. Shi ne kuma wanda ɓarawo ya fi sauƙin saya. Idan gwamnati ta sa sharaɗi cewa duk sito ko gidan mai ko makarantar kwana da ke neman sabunta izini sai ta nuna masu gadi biyu masu rajista, masu horo, da shaidar abin da ake biyansu, za a ga canji cikin shekara guda.

Ina roƙon a fara kafin kaka mai zuwa, tun sitoci ba su cika ba, ko da a ƙananan hukumomi biyu ne, Funtua da Malumfashi. In an ga amfaninsa sai a kai shi Bakori da Danja da Kafur da Dandume da sauran shiyyar. Mu 'yan kasuwar hatsi da manoma a shirye muke mu ba da wuraren da za a yi gwaji, mu kuma turo mutanenmu.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi,
Funtua, Jihar Katsina.